Yadda Ake Gano Abin Da Ke Kashe Kwamfuta Lokacin Aiki Mai Nauyi Bayan An Sauya Mata Kaya

Kwamfutar tebur da aka sauya wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, ko aka ƙara wa RAM, ma'ajiyar bayanan da take aiki da su a lokacin, ko aka sanya wa sabon katin hoto, tana iya tashi lafiya lau, ta buɗe Windows, a yi ta rubutu da shiga intanet har yamma ba ta nuna wata alama ba. Amma da zarar an ɗora mata aiki mai nauyi, irin su fitar da bidiyon biki a Premiere Pro, ko haɗa hoton gini a Revit ko Blender, ko wasa mai cin ƙarfi, sai ta sandare, ko ta nuna shuɗin allo, ko ta ɗauke ɗif ba sallama. Abin da aka saba yi a nan Abuja shi ne a kai ta wurin mai gyara, shi kuma ya ce sai an yi mata fomat. A ganina babu matakin da ya kai wannan rashin amfani a farkon bincike, domin Windows ɗin da ya daɗe yana aiki ba zai lalace ba don kawai an buɗe akwati an sauya wani ƙarfe, sannan fomat yana share bayanan da kwamfutar ta rubuta game da kowace mutuwa da ta yi, alhali su ne shaidar da za a bi.

Dalilin da ya sa matsalar ke ɓuya sai an zo aiki mai nauyi ba shi da wuyar ganewa. Furosesa idan yana zaune ba ya cin wuta mai yawa, amma idan aka haɗa masa aiki gaba ɗaya, wutar da yake ja tana ninkawa sau da dama cikin ƙiftawar ido. Core i9-13900K, alal misali, kamfanin Intel da kansa ya ba shi damar jan wat 253. Tare da wutar ne zafi ke tashi, tare da su kuma kai-komon bayanai tsakaninsa da RAM ke ƙaruwa. Mota mai raunin inji tana iya tafiya sumul daga Abuja har Akwanga, sai a Hawan Kibo asirinta zai tonu. Sau da yawa ma babu abin da ya lalace. Wani sashe ne da ya iya ɗaukar tsohon kaya ya kasa ɗaukar sabon, kuma galibi bai wuce fawa-fak, wato akwatin da ke raba wuta a ciki, ko fankar furosesa, ko saitin RAM da BIOS ba. BIOS shi ne tsarin da ke tada kwamfuta ya saita kayanta kafin Windows ya buɗe.

A fara da lura da yadda take mutuwa

Kafin a taɓa sukudireba, a bar ta ta mutu sau biyu ko uku ana kallo, a rubuta abin da aka gani da tsawon lokacin da ta ɗauka. Idan ta ɗauke ɗif, fankoki suka tsaya, cikin daƙiƙun farko na fara aikin, hankali ya fara komawa kan wuta. Idan sai ta yi minti goma ko ashirin tana aiki, fankoki na ta gurnani, sannan ta tafi, zafi ne ya fi kusa. Idan kuwa shuɗin allo take nunawa, kuma sunan kuskuren na yau daban da na jiya, yau MEMORY_MANAGEMENT gobe IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, wannan ɗabi'ar RAM ce da ba ta daidaita ba. Sunaye biyu kuma, WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR da CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, sun fi nuna furosesan kansa ko wutar da ke isa gare shi. Waɗannan alamu ne na inda za a fara dubawa, ba hukunci ba ne, amma suna rage yawo sosai.

Wani lokaci kwamfutar tana nuna allon kuskuren, sai dai ta sake tashi da sauri har ba a gani. A shiga System Properties, a buɗe Advanced, sannan Startup and Recovery, a cire alamar da ke kan Automatically restart, daga nan allon zai tsaya har a ɗauke shi hoto da waya. A sababbin fitowar Windows 11 launin allon ya koma baƙi, amma sunan kuskuren yana nan a ƙasa. Haka kuma, idan aka danna maɓallin Windows tare da R aka rubuta perfmon /rel, za a ga jadawalin ranakun da ta mutu, a gwada shi da ranar da aka sauya kayan. A cikin Event Viewer, inda Windows ke ajiye rahoton abin da ya faru, kusan kowa yana cin karo da Kernel-Power 41, kuma mutane da dama suna ganin kalmar wuta a jikinsa sai su tafi sayen fawa-fak. Abin da kawai saƙon ke cewa shi ne kwamfutar ba ta mutu bisa ƙa'ida ba, ko da ɗauke wuta aka yi shi za ta rubuta. Wanda ya fi shi amfani shi ne saƙon WHEA-Logger, domin ƙarfen da kansa ne ya kai rahoton kuskure.

Mataki na gaba shi ne a kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri, sannan a shiga BIOS a ɗauki hoton shafukansa da waya, a mayar da shi saitin kamfani ta Load Optimized Defaults. Tsohon saitin da aka yi wa tsohon furosesa yana iya zama a ciki yana takura sabon. Wanda ya kulle faifansa da BitLocker ya tabbata lambar buɗewa tana hannunsa kafin ya taɓa BIOS, domin sauya furosesa ko sabunta BIOS na iya sa Windows ya nemi lambar. Daga nan har ƙarshe ƙa'ida ɗaya ce: abu ɗaya ake sauyawa, a gwada, a rubuta sakamako, sannan a wuce na gaba. Wanda ya sauya man da ake shafawa tsakanin furosesa da fankarsa da gurbin RAM da BIOS a zama guda, ko matsalar ta tafi bai san me ya kore ta ba, kuma ranar da ta dawo sai ya fara daga tushe.

Zafi

Manhajar HWiNFO64 kyauta ce, kuma idan aka buɗe ta a kan Sensors tana nuna zafin furosesa, da wutar da yake ci, da saurin fankoki, kowanne da mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da ya kai. A bar ta a buɗe, a kunna Cinebench ko Prime95 a kan Small FFTs, wanda ke matsa furosesa kaɗai ba tare da ya dami RAM sosai ba, a zuba wa lambar zafi ido. Yawancin furosesoshin Intel na tebur iyakarsu digiri 100 ne a ma'aunin Selsiyos, su kuwa Ryzen 7000 na AMD an ƙera su ne su hau har 95 su zauna a nan suna aiki, don haka ganin 90 ba shi ne ciwo ba. Yadda lambar ke hawa ya fi lambar kanta bayani. Idan ta tashi daga 40 ta buga iyaka cikin daƙiƙa biyu ko uku, ƙarfen sanyaya bai zauna a kan furosesan da kyau ba. Idan a hankali take hawa har ta kai can bayan mintuna, ko dai fankar ta yi wa sabon furosesan ƙanƙanta, ko iska ba ta fita daga akwatin.

A hali na farko sai a kwance fankar a duba ƙasanta. Sabuwar fanka tana zuwa da wata siririyar leda mai haske manne a ƙasan ƙarfen, wani lokaci da jan rubutu mai cewa a ɓare ta, kuma abin mamaki ne yawan kwamfutocin da ake haɗawa da ledar a jiki, an shafa mai a kanta an ɗaure. Idan ba leda, a dubi shatin man: inda ya bazu ko'ina siriri, ƙarfen ya zauna daidai, inda ya taru a gefe ɗaya ɗaya gefen ya bushe, ɗauri ne ya karkace. A goge tsohon man da sifirit da ƙyalle mai tsabta, a ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure notuna a gicciye, wannan kusurwa kaɗan sannan ta ƙetarenta kaɗan, har su gama shiga tare. Mai furosesan AMD na mazaunin AM4 ya yi hattara wurin cirewa, domin busasshen mai yana iya fizgo furosesan daga mazauninsa ya lanƙwasa allurai. A bar kwamfutar ta yi ɗan aiki ta ɗumama, a kashe, a murɗa fankar hagu da dama a hankali kafin a ɗaga. Mai sanyaya ta ruwa kuma ya duba saurin famfon a HWiNFO64, domin fankokin na iya juyawa famfon yana mace.

Yanayin garinmu yana shiga lissafin nan kai tsaye. Kusan duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙara, furosesa ma sai ya ƙara ɗaya, don haka kwamfutar da aka haɗa a watan Agusta ana marka tana iya yin watanni lafiya, sai a Maris ko Afrilu, lokacin da rana ke kai digiri 37 ko sama, ta fara ɗaukewa a shagon da ba na'urar sanyaya ɗaki. Kafin zafin ya iso kuma ƙurar hunturu ta riga ta toshe tsakanin siraran ƙarafan fankar. Abin da ya ishi abokin sana'arka da ke Jos, inda tudun ya kai mita 1,200 kuma iska ke da sanyi, ba lallai ya ishe ka a Nyanya ko Kubwa ba. Gwaji mai sauƙi shi ne a cire murfin gefe, a kunna fankar tebur tana hura ciki, a maimaita aikin da ya saba kashe ta. Idan ta jure, zafi ne. In za a busa ƙura da bulowa, a riƙe fuka-fukan fankokin da yatsa kada su yi ta juyi fiye da ƙima.

Akwai wani zafin da ba ya fitowa a lambar furosesa, wato na VRM, ƙananan sassan da ke kewaye da mazaunin furosesa a kan madabod, wato babban allon da duk kayan ke haɗuwa a kansa, suna rage bolt 12 zuwa bolt ɗaya da ɗoriya da yake amfani da shi. Madabod mai araha, irin yawancin A320 ko H610, sau da yawa waɗannan sassan tsirara suke ba ƙarfen sanyaya a kansu, kuma ko da kamfani ya rubuta cewa yana karɓar babban furosesa, karɓa daban, jure awa guda ana fitar da bidiyo daban. Idan zafin furosesa yana daidai amma kwamfutar na mutuwa bayan mintuna, kuma fankar tebur ta hana, a nan ya kamata a sa zargi.

Wuta, daga cikin akwati har bango

A nan ne ake fi yin asarar kuɗi, ko dai a sayi fawa-fak ba a buƙata, ko a yi ta sauya wasu kaya alhali shi ne mai laifin. A fara da wayoyi. Ban da babban fulogi mai fil 24, akwai wani mai fil 8 a saman madabod kusa da furosesa, shi ne ke ciyar da furosesan, kuma wuri ne matsattse da hannu ke shiga da ƙyar idan babbar fanka na nan. Fulogin da ya shiga rabi yana iya tada kwamfuta, amma ba zai ɗauki nauyi ba. A cire shi a duba ko robar ta yi baƙi ko ta narke, a mayar har a ji ƙarar maƙallin ya kama. Wayar furosesa mai fil 8 da ta katin hoto mai fil 8 sun yi kama a ido amma jerin wayoyinsu daban ne, kada a tilasta ɗaya a gurbin ɗaya. Katin hoto mai baki biyu ya fi son kowane baki da tasa wayar daga fawa-fak, maimakon waya ɗaya mai reshe biyu. Wanda ya sauya fawa-fak mai wayoyin da ake cirewa kada ya yi ƙyuya ya bar tsofaffin wayoyin a ciki ya jona wa sabon. Bakinsu na iya shiga, amma tsarin ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, kuma wannan kuskure yana ƙona faifai da kati.

Sai a karanta sitikar da ke jikin fawa-fak. Babbar lambar da aka rubuta, 500W ko 650W, ba ita ce abin dubawa ba, domin furosesa da katin hoto dukansu daga layin bolt 12 suke ci. A nemi inda aka rubuta +12V, a ga amfiya nawa ne a ƙarƙashinsa, a ninka da 12. Fawa-fak ɗin da aka rubuta wa 500W amma layinsa na bolt 12 amfiya 18 ne, abin da zai iya ba su wat 216 ne kawai. Yanzu a lissafa buƙata: furosesa mai cin wat 150, da katin RTX 3070 mai cin 220, da sauran kaya wajen 60, sun kai 430, kuma Nvidia da kansa fawa-fak mai wat 650 ya ba da shawara ga wannan katin, RTX 3060 mai cin 170 kuma mai wat 550. Ratar da aka bari ba almubazzaranci ba ne, domin kati da furosesa sukan fizgi wuta fiye da wannan na ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma fawa-fak mai inganci idan ya ji an wuce iyakarsa yanke wuta yake yi don kare kansa. Tambarin 80 Plus yana magana ne kan rashin ɓarnar wuta, bai tabbatar da ingancin kayan ciki ba. Fawa-fak na gwanjo kuma da ya yi shekaru yana aiki a wata ƙasa, kafasitocinsa sun gaji, ba zai ba da abin da ke kan sitika ba. Kwamfutocin ofis na HP da Dell da ake shigowa da su na hannu sun fi kowa faɗawa wannan tarko, domin fawa-fak ɗinsu galibi bai wuce wat 200 zuwa 300 ba, kuma da yawansu fulogin nasu na musamman ne da ba a maye gurbinsa da na kasuwa kai tsaye.

Gwajin da ya fi fito da gaskiya hawa uku ne. A matsa furosesa kaɗai da Prime95, sannan katin hoto kaɗai da FurMark, sannan a haɗa su lokaci guda, ko a yi amfani da gwajin Power na manhajar OCCT wanda ke yin haka da kansa. Idan ta jure na farko da na biyu ta ɗauke a na uku, da wuya ba fawa-fak ba ne. Ƙa'idar ATX ta ƙera fawa-fak, kafin bugu na 3.0, ta yarda layin bolt 12 ya yi wasa tsakanin 11.4 da 12.6, kuma idan HWiNFO64 ya nuna yana gangarawa ƙasa da haka lokacin aiki, alama ce mai ƙarfi, ko da yake lambar manhaja ba ta kai ta mita daidaito ba. Hanya mafi tabbas ita ce a ari wani fawa-fak da aka san lafiyarsa a gwada na yini ɗaya. Kada a kwance akwatin fawa-fak don a leƙa ciki, domin manyan kafasitocinsa suna riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare shi daga bango.

Jagororin da ake rubutawa a Turai da Amurka a nan suke tsayawa, amma mu sai mun bi wayar har bango. UPS mai lamba 650VA, wanda shi ne ya fi yawa a ofisoshi da gidaje, ainihin abin da yake ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. Ya ishi tsohuwar kwamfutar, amma bayan an ƙara kati da furosesa, da nauyi ya hau sai ya yi ƙara ya yanke, a ɗauka kwamfutar ce ta mutu. Inbata mai araha wadda wutarta ba tsantsar sine ba ce, fawa-fak na zamani da yawa ba sa jituwa da ita, musamman a lokacin da ake komawa kanta daga wutar layi. Ƙaramin janareto kuma da firiji ko dutsen guga ya tashi a kansa wutarsa na nutsewa. Haka soket mai doguwar waya na araha, wanda bakinsa ya saki ya yi baƙi-baƙi, da wutar layi da kan yi ƙasa da bolt 230 sosai da daddare a wasu unguwanni. A lura ko mutuwar na da lokaci ko tana bin wani tushen wuta, sannan a jona kwamfutar kai tsaye a bango sa'ad da wutar ke da ƙarfi, a maimaita gwajin.

RAM da BIOS

Saurin da aka rubuta a jikin RAM, kamar 3600 a DDR4 ko 6000 a DDR5, ba da shi yake tashi da kansa ba, sai an kunna XMP a BIOS, wanda AMD ke kira EXPO a sababbin madabod, ASUS kuma ke kira DOCP a wasu. Kunna shi tura RAM ne sama da saurin da kamfanin furosesa ya lamunce; Ryzen 5000, alal misali, 3200 AMD ya tabbatar masa. Galibi yana tafiya lafiya, amma sashen da ke sarrafa RAM yana cikin furosesa ne, don haka sauya furosesa kaɗai na iya sa RAM ɗin da ya daɗe yana aiki ya fara kuskure. Idan mayar da BIOS saitin kamfani da aka yi tun farko ya kawar da matsalar, kusan an gama: a sake kunna XMP amma a rage saurin mataki ɗaya, daga 3600 zuwa 3200, a gwada.

Wanda ya ƙara sabon RAM a kan tsoho ya haɗa abubuwa biyu da ba a gwada su tare ba, ko da kamfani ɗaya ne da lamba ɗaya, kuma guda huɗu sun fi guda biyu wahalar daidaitawa. A madabod mai gurbi huɗu, guda biyu galibi a gurbi na biyu da na huɗu ake sa su idan an ƙirga daga furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. A cire kowanne, a goge bakin zinaren da magogin fensir a hankali, a kakkaɓe, a danna shi har maƙallan su rufe. Sannan a sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a filash, a tada kwamfutar daga kansa, a bar shi ya yi zagaye huɗu, abin da kan ɗauki awowi, don haka da daddare ya fi, in akwai tabbacin wuta. Kuskure ɗaya tak ya isa a ce ba lafiya. Idan ya fito, a kashe XMP a maimaita. Idan har yanzu yana nan, a gwada kowane RAM shi kaɗai a gurbi ɗaya har a ware mai matsalar.

Shi kuwa BIOS, tashin kwamfuta da sabon furosesa bai nuna cewa ya san shi da kyau ba. Madabod B450 da aka ƙera kafin fitowar Ryzen 5000 a Nuwamban 2020 sai an sabunta shi, kuma fitowar farko da ta karɓi furosesan ba ita ce mafi natsuwa ba. A shiga shafin kamfanin madabod, a nemi ainihin lambarsa har da lambar bugu da ke rubuce a gefensa, a sauko da na ƙarshe. Kada a fara sabuntawa sai a kan UPS ko inbata mai cikakken caji, domin ɗauke wuta a tsakiyar aikin na iya barin madabod a mace.

Masu furosesan Intel na ƙarni na 13 da na 14, musamman Core i7 da i9, suna da wani dalili na daban. A 2024 Intel ya amince cewa waɗannan furosesoshi suna neman bolt fiye da ƙima, abin da ke cinye su a hankali har su fara mutuwa a aiki mai nauyi, ya fitar da gyara mai lamba 0x129 a watan Agusta da 0x12B a Satumba ta hanyar sabon BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a garantinsu. Gyaran yana hana ɓarna nan gaba, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. Wannan ya shafi mai sayen na hannu sosai, domin bai san a wane hali furosesan ya yi aiki a hannun mai shi na farko ba. Bayan sabunta BIOS a zaɓi Intel Default Settings, domin madabod da yawa suna zuwa da iyakar wuta a sake. A ɓangaren AMD kuma a kashe PBO da Curve Optimizer, saitunan BIOS da ke ƙara wa furosesa sauri, har a gama bincike.

Akwai dabara mai sauri ta tabbatar da cewa matsalar tana bin ƙarfin da furosesa ke ja. A cikin Power Options na Windows, ƙarƙashin Processor power management, a mayar da Maximum processor state zuwa 99 maimakon 100, wanda a kwamfutoci da yawa yake hana furosesa hawa saurinsa na ƙoli. Idan mutuwar ta tsaya, an tabbatar wuta ce, ko zafi, ko furosesa mai rauni, kuma ana iya ƙarasa aikin mutane a haka kafin a samu kuɗin gyara na gaskiya.

Batun direbobi bai buƙaci dogon bayani ba. A sauko da direban chipset daga AMD ko Intel, kuma wanda ya koma daga katin Nvidia zuwa na AMD, ko akasin haka, ya share tsohon direba da manhajar DDU, mai goge direbobin katin hoto, a Safe Mode kafin ya sa sabo. Mai son wanke Windows daga zargi ba tare da fomat ba ya tada Ubuntu, wani tsarin aiki daban da Windows, daga filash ya matsa furosesan a can. Idan ta mutu a can ma, ƙarfe ne. Inda sabon Windows ke da hujja shi ne idan madabod ɗin gaba ɗaya aka sauya, musamman daga Intel zuwa AMD.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, a mayar da tsohon kayan a maimaita gwajin da ya kashe ta, shi ya sa bai kamata a sayar da tsohon furosesa ko RAM ba sai sabon ya yi mako yana aiki. A yayin cirewar a haska mazaunin furosesa da tocilan waya daga gefe: a madabod ɗin Intel da na AM5 allurai fiye da dubu ne a jere, kuma wadda ta lanƙwashe tana ƙyalli daban da 'yan uwanta. Idan tsohon kayan ya jure abin da sabon ya kasa, a fawa-fak ɗaya da saiti ɗaya, sannan lissafin wat ya nuna fawa-fak ɗin ya isa, to sabon ne ke da matsala.

Wanda zai sayi kaya a Banex da ke Wuse 2 ko a wata kasuwa ya yi yarjejeniyar kwanakin gwaji tun kafin ya biya, a rubuta su a rasit tare da lambar jikin kayan. Idan mayarwa ta kama, cewa “Malam, kayanka ba ya yi” ba za ta kai ko'ina ba, domin mai shago zai sa shi a tasa kwamfutar, ta buɗe Windows, ya ce ga shi lafiya. A je da hoton allon kuskuren da na MemTest86, a ce masa, “Alhaji, a taimaka a kunna OCCT a kansa na rabin awa muna zaune,” a kuma tabbata saitin BIOS ɗin da zai gwada da shi na kamfani ne, XMP a kashe, kamar yadda aka gwada a gida.